Yadda za ka haɗa wa shagonka littafin koyon manhaja

A da, manhajar kwamfuta a kwali take zuwa, da faifai da littafin bayani mai kauri. Yanzu mai gyara ne zai saka maka ita daga filashi, ya karɓi kuɗinsa, ya kama gabansa. Shi ya sa a shagunan buga takardu da ke kewayen Kaduna Poly a Tudun Wada za ka tarar duk sanin CorelDRAW (manhajar zane) ko Excel (manhajar lissafi) yana kan yaro ɗaya. Ranar da ya samu gurbin karatu a Zariya, aiki ya tsaya cak. Gara ka rubuta naka littafin tun yana nan.

Fara da sanin wacce siga ta manhajar, wato fitowar wacce shekara ko lamba, ke kan kwamfutarka. Duba Help sannan About, a sababbin Office kuwa File sannan Account. Rubuta sunan da lambar a shafin farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a Office 2007 Microsoft ta sauya fasalin menu gaba ɗaya, don haka bayanin Word 2003 ba zai yi maka amfani ba. CorelDRAW ma haka, tsohuwar siga ba ta buɗe aikin da aka adana da sabuwa, sai an zaɓi tsohuwar lamba lokacin adanawa. Katunan biki da yawa sun makara saboda wannan.

Daga nan danna F1 ka ga abin da kamfanin ya tanada. Sau da yawa intanet zai tura ka. LibreOffice kuwa, wata manhaja mai aiki irin na Office, tana da kunshin bayani da za ka sauke sau ɗaya, ka riƙa karantawa ba tare da data ba.

Sai babban aikin. Samo littafi mai bango mai ƙarfi, ka ba kowane aiki shafinsa da sunan da kwastoma ke kiransa: katin ɗaurin aure, sakamakon ɗalibai, fasfo takwas a takarda ɗaya. Ka zaunar da yaron ya yi aikin sannu a hankali, kai kana rubuta kowane dannawa da Hausa. Sunayen maɓallai ka bar su yadda suke a allo, kada ka fassara, domin su ido zai nema. Inda bayani ya yi wuya, danna maɓallan Windows da Shift da S tare ka ɗauki hoton wurin, ka buga, ka liƙa. Duk gwajin da za ku yi, a kan kwafi za ku yi shi, ban da ainihin aikin mutane.

Ware shafukan ƙarshe don saƙonnin kuskure, kalma da kalma, da abin da ya warware su.

Sannan miƙa littafin ga sabon yaron shago, ka ce ya haɗa katin suna ba tare da ya tambayi kowa ba. Inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ka tsallake wani mataki, sai ka cike shi nan take. Kuma ka ajiye littafin a takarda, domin in kwamfutar ta lalace aka goge ta, duk bayanin da ke cikinta ya tafi.