Yadda Za Ka Rage Ƙarar Na'urar Ɗumama Gida Don Maƙwabta Su Samu Barci

Wannan na'ura, wadda ake kira heat pump da Turanci, tana zuƙo ɗumi daga iskar waje ta shigar da shi cikin gida. Ɓangarenta na waje yana da fanka da kwamfreso, su ne masu ƙara. Da rana hayaniya kan rufe ƙarar, amma idan dare ya tsala, ƙugin nan ɗakin maƙwabci yake cikawa, kai kuwa kana ciki ba ka ma sani ba.

Abu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne wurin da za a kafa ta. Duba inda tagar ɗakin kwanan maƙwabcinka take, ka nesanta na'urar da ita. A fili, duk ninkin tazara yana rage ƙara da kimanin desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wato daga mita 2 zuwa mita 4 ma kunne zai ji bambanci. Guji lungun da ke tsakanin bango biyu, domin bango mayar da sauti yake yi. Kada kuma bakin fankar ya kalli tagar kowa. Mutane kan zaɓi lungu don a ɓoye na'urar, kuma a ganina nan ne yawancin rigima ke farawa.

Sai girgiza. A ɗora ta kan daɓen kankare da ya daidaita, a sa roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafafunta. Idan aka ɗaure ta a jikin bango, girgizar takan bi ginin har cikin ɗaki.

Idan tana da tsarin aikin dare mai rage gudun fanka, kunna shi.

Katanga marar ramuka tana tare sauti, amma ka bar sararin iska gwargwadon umarnin kamfanin. Na'urar da aka shaƙe wahala take sha, ƙararta kuma ta ƙaru.

Riƙa kwashe ganyen da ya maƙale, ka ɗaure noti da ya saki. Hucin da take yi lokacin tsananin sanyi ba matsala ba ne, ƙanƙarar jikinta take narkarwa. Amma idan ka ji ƙarfe na gugar ƙarfe, kira mai gyara.

Kada ka jira a kawo maka ƙorafi. Je ka sami maƙwabcin, ka nemi izinin tsayawa bakin tagarsa da dare, na'urar tana aiki, ka saurara da kunnenka. Bayan mako guda ka koma ka tambaye shi ko yana samun barci.