Yadda Ake Amfani da Kundin Majiyyaci na Kwamfuta Wajen Jinya da Bincike

Kundin majiyyaci na kwamfuta shi ne tarihin lafiyar mutum da asibiti ke ajiyewa a na'ura maimakon fayil ɗin takarda: sunansa da ranar haihuwarsa, abin da ya kawo shi, abin da likita ya gano, sakamakon gwaje-gwaje, magungunan da aka rubuta masa, da waɗanda jikinsa ba ya karɓa. Duk layin da aka shigar a cikinsa yana da masu karatu biyu. Na farko shi ne likitan da zai karɓi aiki da daddare, wanda bai taɓa ganin majiyyacin ba, kuma zai yanke hukunci bisa abin da ya tarar a rubuce. Na biyu shi ne mai binciken da zai zo bayan shekaru ya tattara dubban kundaye ya ƙirga. Dukkansu ba za su samu damar tambayar wanda ya yi rubutun me yake nufi ba, don haka matakan da ke tafe sun fara ne daga gaban gado kafin su kai teburin bincike.

Mataki na farko shi ne a tabbatar kundin da aka buɗe na mutumin da ke zaune ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara a kai ita ce a yi amfani da alamomi aƙalla biyu, kamar cikakken suna da ranar haihuwa ko lambar asibiti, kuma lambar ɗaki ko ta gado ba ta cikin lissafi, domin majiyyata na sauya gado. Ya fi kyau a ce wa mutum ya faɗi sunansa da bakinsa, a kan a kira suna a jira ya ce na'am, saboda marar lafiya mai jin jiki yana iya amsa sunan da ba nasa ba. Kafin a buɗe wa kowa sabon kundi, sai a fara neman tsohon ta hanyoyi daban-daban, domin suna ɗaya ana iya rubuta shi ta hanya biyu ko uku mabambanta. Idan mutum ɗaya ya zama yana da kundi biyu, ana iya rubuta a ɗaya cewa penisilin na tayar masa da ƙaiƙayi da kumburi, sannan a rubuta masa penisilin ɗin a ɗayan ba tare da na'ura ta yi ko tari ba. Haɗe kundayen da suka rabu aikin jami'in adana bayanai ne, shi ya kamata a sanar wa.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne shigar da bayani a lokacin da abin ya faru kuma a gurbin da aka tanadar masa. Awon jini, zafin jiki, nauyi da magunguna duk suna da guraben kansu, kuma na'ura daga nan take karantawa idan za ta yi lissafi ko gargaɗi. Abin da aka jefa cikin dogon rubutun likita mutum ne kaɗai zai gan shi, shi ma idan ya samu lokacin karantawa. A ce ma'aikaciyar jinya ta ɗora jariri a kan sikeli, ya nuna kilo 3.2, wani ya kira ta daga gado na gaba, ta juyo ta buga 32 ba tare da ɗigon ba. Maganin yara da nauyi ake lissafa shi, saboda haka wannan ɗigo guda yana iya ninka adadin magani sau goma. Manhaja mai kyau za ta tsayar da ita ta ce wannan nauyi bai dace da shekarun ba, amma ba kowace manhaja ke yin haka ba, kuma daƙiƙa biyu na sake duba allo kafin a danna ajiyewa sun isa su hana wannan kuskure.

Game da rubutun likita kuwa, tsarin da ya samo asali daga aikin Dakta Lawrence Weed a ƙarshen shekarun 1960 har yanzu yana da amfani: a rubuta abin da majiyyaci ya faɗa, sai abin da aka gani ko aka auna, sai fahimtar likita, sai shirin magani. Raba waɗannan huɗu yana hana zato ya rikiɗe ya zama tabbaci. Abubuwa biyu ne suka fi ɓata kundi a nan. Ɗaya shi ne kwafe rubutun jiya a liƙa shi a na yau, har a wayi gari kundi yana cewa ana yi wa majiyyaci ƙarin ruwa alhali an cire masa tun kwana uku. Ɗayan shi ne barin gurbi fanko. Gurbin magungunan da jiki ba ya karɓa idan aka bar shi babu komai, mai karatu ba zai san ko an tambaya aka ce babu ba, ko kuwa ba a tambaya ba sam, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa. Idan an tambaya babu, a rubuta babu. Idan kuma an gano kuskure daga baya, a yi gyara da bayanin dalili, a bar tsohon rubutun yana nan a tarihin kundin, kada a nemi share shi.

Mataki na uku shi ne sanya wa cuta lambar da ta dace. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jadawalin cututtuka da ake kira ICD, wanda bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, ko da yake wurare da yawa suna kan bugu na 10. A bugu na 10, I10 na nufin hawan jini wanda ba wata cuta ce ta haddasa shi ba, E11 kuma ciwon sukari nau'i na biyu. Akwai LOINC na sunayen gwaje-gwaje, da SNOMED CT na kalmomin likitanci, da FHIR wanda ƙungiyar HL7 ta tsara don manhajojin asibitoci daban-daban su iya musayar bayanai. Ma'aikaci ba ya buƙatar haddace su. Abin da ake so daga gare shi shi ne kada ya zaɓi lambar da ta fara fitowa don ya wuce, kuma kada ya sa lambar cutar da ake zato kamar an tabbatar da ita.

Mataki na huɗu shi ne amfani da kundin wajen jinyar kanta. A karanta shi kafin majiyyaci ya shigo, musamman jerin magunguna da sakamakon baya. Babbar fa'idar kwamfuta a kan takarda ita ce nuna tafiyar abu cikin lokaci: gwajin ƙoda guda ɗaya yana iya zama cikin iyakar da ake ɗauka lafiya ce, amma idan aka jera na watanni shida aka ga yana hawa a hankali, likita zai sake tunani kan maganin da yake bayarwa. Gargaɗin da na'ura ke fitarwa yana da yawa, har ma'aikata kan gaji su riƙa danna wucewa ba su karanta ba, kuma a cikin irin wannan ne gargaɗi mai ceton rai ke sulalewa. Inda gargaɗin banza ya yi yawa, a kai kuka ga masu kula da manhajar su rage shi. Sannan idan majiyyaci yana magana, a ɗaga kai daga allo a dube shi.

Mataki na biyar shi ne tsare sirri. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, kada ya ara wa abokin aiki komai gaggawa, kuma ya fita daga manhajar duk lokacin da zai tashi. Kowa ya ga iya abin da aikinsa ke buƙata, ta yadda mai karɓar kuɗi ba shi da hurumin karanta sakamakon gwajin ƙanjamau. Manhajar tana rubuta wanda ya buɗe wane kundi da ƙarfe nawa, kuma ya dace hukumar asibiti ta riƙa duba wannan rajista, domin leƙa kundin maƙwabci ko wani sananne cin amana ne ko da ba a faɗa wa kowa abin da aka gani ba. Ɗaukar hoton allo da waya a tura wa wani ta WhatsApp yana fitar da bayani daga inda ake iya kare shi. A kuma tanadi kwafin ajiya a wani wuri daban da takardun cikewa na ko-ta-kwana. A watan Mayun 2017, manhajar kutse ta WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci da dama a Ingila, aka soke dubban alƙawuran ganin likita, ma'aikata suka koma biro da takarda.

Daga nan sai bincike. Mataki na shida shi ne a rubuta tambayar binciken da tsarinsa kafin a taɓa rumbun bayanai: wa za a saka, daga wace shekara zuwa wace, me za a auna, kuma ta yaya za a gane cutar a cikin kundi. Sai a miƙa wannan tsari ga kwamitin ɗa'ar bincike. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, ta haɗa har da bincike kan bayanan da za a iya gane mai su, kuma a 2016 ƙungiyar ta ƙara da Sanarwar Taipei kan rumbunan bayanan lafiya. Asali shi ne a nemi izinin mai bayanin. Inda hakan ba zai yiwu ba, kamar kundaye dubu ɗari na shekarun baya, kwamitin ne ke da ikon yafe neman izinin, mai bincike ba ya yafe wa kansa. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Amurka na da HIPAA ta 1996, Tarayyar Turai na da GDPR da ta fara aiki a watan Mayun 2018 wadda ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Wajibi ne mai bincike ya san dokar ƙasar da bayanan suke.

Mataki na bakwai shi ne a ɗauki iya abin da ake buƙata, a kuma cire alamomin da ke nuna mutum. Mutane da yawa na ganin da an goge suna an gama, wannan kuwa kuskure ne babba. A 1997, Latanya Sweeney, lokacin tana ɗaliba, ta gano bayanan asibiti na gwamnan jihar Massachusetts ta Amurka, William Weld, a cikin tarin bayanan da aka cire wa sunaye, ta hanyar haɗa su da rajistar masu zaɓe. Daga baya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ana iya ware kowannensu da abu uku kacal: ranar haihuwa, jinsi da lambar yankin gidan waya. Shi ya sa ƙa'idar HIPAA ta jera alamomi 18 da ake cirewa, ciki har da lambar waya, lambar asibiti, hoton fuska, da duk wata rana in ban da shekara, kuma masu shekaru fiye da 89 ake haɗa su rukuni ɗaya. Idan binciken na buƙatar bin mutum tsawon lokaci, sai a ba kowa lambar ɓoye, makullin da ke haɗa lambar da sunan kuma ya zauna a hannun asibiti. A kula da dogon rubutun likita, domin sunayen 'yan uwa da wurin aiki sukan ɓuya a ciki. Hanya mafi aminci ita ce bayanan su zauna inda suke, mai bincike ya aika da umarnin lissafinsa ya karɓi sakamako kawai, kamar yadda tsarin OpenSAFELY ya yi a Ingila a 2020 wajen nazarin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwa daga korona a cikin kundayen manya sama da miliyan 17.

Mataki na takwas shi ne tace bayanan da fahimtar iyakarsu. An tara su ne don jinya, saboda haka suna ɗauke da halin jinya. Wanda ya fi jin jiki shi aka fi yi wa gwaji, wanda bai zo asibiti ba kuma babu shi a lissafi ko da cutar ta kwantar da shi a gida. Akwai wani tarko da ya sha kama masu bincike: idan aka ga masu shan wani magani mai ƙarfi sun fi mutuwa, yana iya yiwuwa an ba su maganin ne saboda tun farko cutarsu ta fi tsanani. Yawan bayanai ba ya gyara wannan, sai tsarin nazari mai kyau da shawarar masanin ƙididdiga. Kafin a amince da lambobin cuta, a zaro wasu kundaye ba tare da zaɓe ba, likita ya karanta su ya ga ko lambar ta yi daidai da abin da ke rubuce. A nan ne jaririn nan mai kilo 32 zai sake bayyana, kuma duk gyara ko cirewar da aka yi masa sai a rubuta ta da dalilinta, ta yadda wani zai iya maimaita aikin ya samu sakamako iri ɗaya.

Wajen rubuta rahoto, ƙa'idar RECORD ta 2015 ta zayyana abubuwan da ya kamata a bayyana a binciken da aka yi da bayanan asibiti na yau da kullum, har da lambobin da aka yi amfani da su da yadda aka haɗa rumbuna. Kada a buga jadawalin da wani gurbinsa ke ɗauke da mutum biyu ko uku masu cutar da ba a cika samu ba, domin ana iya gane su. A mayar wa asibitin sakamakon, tare da jerin guraben da aka fi samun kuskure ko giɓi a cikinsu, don ma'aikata su san inda za su gyara. Idan wa'adin da kwamiti ya bayar ya cika, a goge kwafin da ke hannun masu bincike ko a mayar da shi kamar yadda aka yi yarjejeniya, a kuma rubuta ranar da aka yi hakan. Idan kuwa bayanai suka fita ba bisa ƙa'ida ba a kowane mataki, ko da ta hanyar ɓatan kwamfutar hannu ne, a sanar da jami'in kare bayanai nan take, domin dokoki irin su GDPR sun ba da awa 72 ne kacal daga lokacin da aka gano a kai rahoto ga hukumar da ke sa ido.