Yadda ake ƙaurace wa kaya ba tare da an cuci mai shagon unguwa ba

Duk wanda ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram da kuɗinsa a aljihu yana da ikon ya ce wannan kaya ba zai saya ba. Ƙaurace wa kaya shi ne yin amfani da wannan iko da gangan, domin a matsa wa kamfanin da ke zaluntar mutane ko ɓata muhalli har ya gyara halinsa. Sai dai abin yana da tsari, kuma idan aka yi shi da garaje, wanda zai sha wahala shi ne Alhaji mai shagon Zango da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abu na farko shi ne bincike. Jerin sunayen kayan da ake turowa ta WhatsApp ba hujja ba ne, domin sau da yawa ba a san wanda ya rubuta shi ba, balle abin da ya dogara da shi. Ka ɗauki kwalin ka duba inda aka yi kayan, saboda da yawa daga cikin masu sunan ƙasashen waje a Kano ko Legas ake yin su, kuma ma'aikatan ƴan'uwanmu ne. Sannan ka nemi sanin ainihin laifin: sa yara ƙanana aiki ne, kamar yadda aka daɗe ana kuka da shi a gonakin koko na Kodebuwa da Gana, ko kuwa cusa ma'aikata cikin gini marar inganci ne, irin na Rana Plaza da ya rufta a Bangaladash a 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100?

Idan laifin ya tabbata, sai ka tsayar da buƙata guda ɗaya wadda za a iya cewa an biya ta ko ba a biya ba. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, a ganina, domin fushi kawai suke da shi. Ga misalin buƙata tsayayya: a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka kan yadda ake tallar madarar jarirai a ƙasashe matalauta, inda uwa kan bar shayarwa ta koma dama madarar gwangwani da ruwan da ba shi da tsabta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tallar irin wannan madara. Duk matar da ta taɓa kwana uku famfo bai kawo ba a Damagaram, tana jiran mai ga-ruwa, ta san dalilin wannan gwagwarmaya.

Daga nan sai tanadin madadi, tun kafin a fara. Baƙar fatan garin Montgomery na Amurka sun yi kwana 381 ba su hau motocin bas na birnin ba, daga Disamban 1955, bayan an kama Rosa Parks saboda ta ƙi tashi ta bai wa farar fata kujera. Sun jure ne domin sun tsara masu motoci suna kwasar juna, wasu kuma suna takawa da ƙafa. Mu a nan madadin yana kusa: zoɓo, ruwan tsamiya, fura da nono, da takalma da jakunkunan da dukawan garin nan suke ɗinkawa.

Mai shago kuwa ya riga ya biya kuɗin hajarsa. Ka gaishe shi, ka ce masa, "Alhaji, wannan na daina saye saboda kaza, idan ka kawo wancan zan saya," kada ka kunyata shi a gaban jama'a ko ka hana wani shiga shagonsa. Ka kai maganar fadar abokanka, mata kuma su kai ta wurin adashi, sannan a rubuta wa kamfanin, domin cinikin da ya ragu ba tare da an faɗi dalili ba, tsadar rayuwa za a ɗora wa laifin.

Ta fuskar muhalli, abin da ya fi cancanta a ƙaurace masa shi ne baƙar leda. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda, amma har yau ita ce ke toshe magudanan ruwa da damina, ita ce kuma mahauta ke tsinta a tumbin awaki. Ka riƙa fita da kwando ko jakar kaba, ka aiki yaro da kwano idan abinci mai zafi zai sayo. Wanda yake da hali ya koma girki da gas, tunda matatar mai ta SORAZ tana samar da shi tun 2011. Wanda bai da hali ya gina murhu mai cin itace kaɗan, ya kuma ƙi sayen ɗanyen gawo, bishiyar da manoman Magarya da Matamai suke raino a gonakinsu domin tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ku sa wa'adi, misali wata uku, ku sake zama ku duba ko kamfanin ya amsa. Idan ya gyara, ku sanar da mai shago cewa ya iya sake saro kayan.