Yadda Ake Gano Ciwon Fibromayaljiya da Yadda Ake Kula da Shi

A Jos akwai mata da yawa, har da wasu maza, da suka shafe shekaru suna shan maganin maleriya da taifot saboda ciwon jiki da ya ƙi sakinsu, alhali duk gwajin da aka yi musu yana fitowa lafiya lau, har 'yan gida su fara cewa ragwanci ne ko sammu. Wasu daga cikinsu fibromayaljiya ce ke damunsu. Ciwo ne da ke sa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su riƙa ƙara wa zafi ƙarfi, ta yadda ɗan matsi a kafaɗa zai zama azaba, ga gajiya, ga barcin da mutum zai tashi daga gare shi kamar bai runtsa ba, ga yawan mantuwa.

Kafin a je asibiti, a samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta inda ke ciwo kowace rana, da yadda barci ya kasance, da abin da ya tayar da ciwon, ko sanyin hunturu ne, ko wanki mai yawa, ko ɓacin rai. A ganina wannan littafi ya fi tarin takardun gwaji amfani, domin babu gwajin jini ko hoto da ke nuna cutar kai tsaye. Da bayanin mara lafiya likita ke aiki. Ƙa'idar gano cutar da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar a 1990 ta dogara ne a kan danna wurare 18 a jiki, a samu zafi a 11 daga ciki, amma tun daga 2010 aka koma duba yaɗuwar ciwon da tsananin sauran alamomin, da sharaɗin sun kai wata uku.

Daga nan sai a nemi likitan da aka saba gani ya rubuta takardar turawa zuwa ga ƙwararren likitan gaɓɓai, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Zai sa a yi gwaje-gwajen da za su kawar da zargin amosanin gaɓɓai, da lufus (cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa), da matsalar tayiroyid (ƙullin da ke gaban wuya wanda idan ya kumbura ake samun maƙoƙo), da ƙarancin jini.

Idan an tabbatar da cutar, motsa jiki ne ginshiƙin magani, ko da yake mai jin ciwo a ko'ina ba ya son jin haka. A fara da tafiyar minti biyar ko goma a wurin da ba shi da hawa sosai, bayan hantsi ya ɗaga sanyi ya ragu, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ranar da jiki ya yi daɗi kada a tattara aikin mako guda a yi, domin washegari kwanciya za a yi. A tsayar da lokacin barci, a kuma karɓi shawarar ganin likitan halayyar ɗan'adam ba tare da jin an raina ciwon ba.

Likita na iya rubuta magani irin su amitiriftilin kaɗan da dare, ko duloksetin, ko firegabalin, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu. A daina sayen diklofenak da tiramadol a kemis, domin na farkon yana cin ciki da ƙoda, na biyun kuma yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Duk ranar komawa asibiti, a tafi da littafin.