Robar Fitsari: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Kula da Ita

Robar fitsari wani siririn bututu ne mai laushi, na roba ko na silikon, wanda ake zurawa ta hanyar fitsari har cikin mafitsara domin fitsari ya riƙa fita ba tare da mutum ya yi yunƙuri ba. Likita yakan sa ta idan fitsari ya riƙe, kamar yadda yake faruwa ga dattawan da furostet ɗinsu (wani ƙullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ya kumbura, ko lokacin doguwar tiyata, ko kuma ga majinyacin da ake son sanin yawan fitsarin da ƙodarsa take fitarwa.

Wadda aka fi sani ita ce mai sunan Frederic Foley, likita ɗan Amurka da ya tsara ta a shekarar 1929. Tana da hanyoyi biyu a cikinta: ɗaya fitsari yake bi ya sauka a jaka, ɗayar kuma ta nan ake tura tsabtataccen ruwa da sirinji, galibi mililita 10, ya kumbura wani ɗan balan-balan da ke kusa da bakin robar. Wannan balan-balan ɗin shi ne yake zama a cikin mafitsara ya hana robar zamewa. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin hatsarin da ke tattare da ita.

Hanyar fitsarin mace ba ta wuce kimanin santimita 4 ba, amma ta namiji takan kai kimanin santimita 20, tana da lanƙwasa, kuma tana ratsa furostet kafin ta isa mafitsara. Idan wanda bai koyi aikin ba ya ji robar ta cije ya tura da ƙarfi, tana iya fasa bangon hanyar ta buɗe wata kafar da ba ta nan a da. Idan kuwa ya hura balan-balan ɗin alhali bai shiga mafitsara ba, zai yaga hanyar daga ciki, jini ya ɓalle, daga baya tabo ya tsuke wurin har fitsari ya riƙa fita ɗis-ɗis, abin da wani lokaci sai tiyata take gyarawa. Saboda haka nake ganin babban ganganci ne mutum ya sayi robar ya sa wa kansa don gudun tashi zuwa bayi, ko don neman jin daɗi, ko don yaudarar masu gwajin fitsari. Har wanda ya sa wa mahaifinsa cikin tausayi saboda fitsari ya riƙe masa da dare, cutar da shi zai iya yi, asibiti ya kamata a nufa. Akwai majinyatan da suke sa wata irin roba da kansu su cire bayan mafitsara ta juye, amma waɗannan ma'aikatan jinya ne suka koya musu, suka kuma zaɓa musu girman da ya dace.

Ko ƙwararre ne ya sa ta, robar hanya ce da ƙwayoyin cuta suke bi su shiga mafitsara, kuma kowace kwana da ta ƙara a jiki hatsarin yana ƙaruwa, shi ya sa ake cire ta da zarar bukatarta ta ƙare. Mai jinya a gida ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa ta da kuma bayan ya gama. A riƙa wanke wurin da ta shiga jiki da ruwa da sabulu kullum. Jakar ta kasance ƙasa da mafitsara ko da yaushe, a tsaye ko a kwance, don kada fitsari ya koma baya, amma kada ta taɓa ƙasa. A juye ta kafin ta cika, ba tare da bakin famfonta ya taɓa mazubin ba, kuma kada a raba bututun da jakar haka kawai. A manne bututun a cinya don kada ya fizgu, a kuma duba ko majinyaci ya kwanta a kansa ya lanƙwashe. Idan likita bai hana ba, a sha ruwa isasshe.

A gaggauta zuwa asibiti idan aka ga zazzaɓi ko rawar sanyi, ciwo a mara ko a kwiɓi, gudajin jini a bututun, ruɗewar tunani ga dattijo, ko kuma sa'o'i sun wuce jakar ba ta samu komai ba alhali mara ta kumbura. Cutar da ƙwayoyin cuta suke haddasawa a mafitsara tana iya hawa ƙoda ta shiga jini.

Idan robar ta dami majinyaci, kada a ja ta, kada kuma a yanke ta da almakashi. Ma'aikacin jinya ne zai sa sirinji ya zuƙe ruwan balan-balan ɗin duka, sannan ya zare ta a hankali.