Yadda Mai Lasisi Zai Sayar da Bindigarsa a Jos Ba Tare da Ya Taka Doka Ba

Akwai gidaje a Jos da kewayenta da suke ajiye da bindigar farauta, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda maigidan ya mallaka da lasisi tun shekaru masu yawa. Lokaci yakan zo da zai so rabuwa da ita, ko dai saboda tsufa ya kama shi kuma idonsa ya rage gani, ko saboda buƙatar kuɗi ta taso, ko kuma ya rasu ta faɗa hannun magada. Abin da ya wajaba irin wannan mutum ya fara sani shi ne, a dokar Najeriya cinikin bindiga ba ya ƙulluwa tsakanin mai saye da mai sayarwa su kaɗai, kamar yadda ake cinikin babur a yi musafiha a miƙa makulli. Hukumar 'yan sanda ita ce ta uku a cinikin, kuma ita ake fara tuntuɓa kafin a yi maganar farashi.

Wasu sukan rikice ne saboda abin da suke gani a intanet game da Amurka, inda dokar tarayya ba ta tilasta wa wanda ba dillali ba ya binciki mai saye idan a jiha ɗaya suke, ko da yake ta haramta masa sayar wa wanda ya san doka ta hana shi riƙe makami, kuma jihohi irin su Kalifoniya sun wajabta a bi ta hannun dillali mai rajista. A can, na'urar binciken tarihin mai saye ta fara aiki a 1998 bisa dokar Brady ta 1993. Wannan tsarinsu ne, bai shafe mu ba. Mu abin da yake hukunci a kanmu shi ne Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau take aiki, kuma a ƙarƙashinta mallakar bindiga izini ne da hukuma take bayarwa ga wanda ta ga dama, ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi.

Matakin farko shi ne mai sayarwa ya tabbatar da rukunin da bindigarsa take ciki, domin dokar ta kasa bindigogi gida uku. Rukunin farko shi ne na haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa ne kaɗai yake da ikon ba da lasisinsu: bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu, da duk wata bindigar da ba a ambata a sauran rukunai biyun ba. Rukuni na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, wato irin na farauta masu baki ɗaya ko biyu, da na wasan harbi, da masu harbi da iska. Na uku shi ne bindigar toka da danginta, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da amincewar gwamna.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Bindigar nan da ake ja mata hannu baya da gaba ta ɗora harsashi da kanta, wadda 'yan banga suka fi so, ba ta cikin rukuni na biyu, domin dokar ta cire duk bindigar farauta mai irin wannan na'ura. Shi ya sa a watan Fabrairun 2018, lokacin da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai, aka lissafa ta a cikinsu, kuma irinta ce guda 661 da jami'an kwastan suka kama a Legas a watan Janairun 2017. Haka nan bindigar da maƙeri ya ƙera a ɓoye mai cin harsashin zamani ba ta da hanyar halatta, komai kyawun aikinta. Wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da abin sayarwa. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi lauya ya raka shi ya miƙa ta ga hukuma, domin hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba.

Idan bindigar tana cikin rukunin da ya halatta, sai mai ita ya ɗauko lasisinsa ya duba shi da idon basira. Shin sunansa ne a jiki, ko na mahaifinsa ko na wansa? Shin an ci gaba da sabunta shi, ko tun da daɗewa aka daina? Lasisin da wa'adinsa ya wuce ba ya kare kowa, kuma gyara wannan matsala yana gaban neman mai saye. Daga nan sai ya cire harsashi, ya buɗe bindigar ya leƙa ya tabbatar babu kome a ciki, sa'an nan ya nemi sunan kamfanin da ya ƙera ta da lambarta, waɗanda akan buga a jikin ƙarfen, sau da yawa kusa da kunama ko a ƙarƙashin bakin idan an cire katakon gaba. Ya goge wurin da tsumma mai ɗan mai, ya karanta lambar ɗaya bayan ɗaya yana gwada ta da wadda take cikin lasisi. Dokar ta hana kowa, dillali ne ko ba dillali ba, sayar da bindigar da ba ta ɗauke da wannan tambari na dindindin. Idan tsatsa ta cinye lambar, ko wurin ya yi santsi yana ƙyalli fiye da sauran jikin ƙarfen alamar an goge shi da magagari, kada ya yi gigin sake buga ta da kansa. 'Yan sanda ne za su faɗi abin da za a yi.

Sai batun mai saye, wanda shi ne mafi nauyi. Sharaɗin da doka ta gindaya a fili yake: ba a miƙa bindiga ko harsashi ga kowa sai ya nuna lasisi ko takardar izinin da ta ba shi damar riƙe wannan bindigar, kuma suna ko lambar da take jikinta ta fito a cikin takardar tasa. Ke nan lasisin da yake da shi na wata bindiga dabam ba ya wadatarwa, haka ma katin ƙungiyar mafarauta ko na 'yan sintiri, haka ma wasiƙar mai unguwa ko ta wani babban mutum. Dokar ta kuma lissafa waɗanda ba a ba su lasisi ko kaɗan: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda idonsa yake da raunin da bai dace ya riƙe bindiga ba, da mashayi wanda ba ya iya kame kansa, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali ko barazanar yin sa a cikin shekara 5 da suka wuce.

Tantance waɗannan abubuwa aikin hukuma ne, amma mai sayarwa da ya san ciwon kansa ba zai jira hukuma ba kafin ya yi nasa binciken, musamman a Jos, garin da ya sha fama da rikici a 2001 da 2008 da 2010. Ya nemi ganin katin ɗan ƙasa na ainihi, ba hoto a waya ba, ya dubi fuskar da take jiki ya dubi ta mutumin. Ya san unguwarsa da sana'arsa, ya tambayi mutanen da suke salla ko ibada tare da shi, da waɗanda suka taɓa hulɗar kuɗi da shi. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce mafi sauƙi: “Malam, me za ka yi da ita, kuma a ina za ka ajiye ta?” Mafarauci na gaske zai amsa ba tare da dogon tunani ba, ya faɗi dajin da yake shiga da lokacin da yake shiga. Wanda ya fara ba da labarin wani da ya ci masa gona, ko maƙwabcin da ya raina shi, ko matar da ta kai shi kotu, ya riga ya amsa tambayar, kuma amsar ta isa a rufe maganar.

A ganina mafi haɗari a cikin masu saye shi ne wanda takardunsa suke da tsabta amma ba don kansa yake saye ba. Alamominsa ba sa ɓuya: yakan zo da wani wanda shi ne yake juya bindigar yana tambaya, shi kuma yana tsaye, ko ya riƙa fita yana buga waya kafin ya amsa kowace tambaya, ko kuɗin su shigo daga asusun da ba sunansa ba. Wani ma zai faɗa da bakinsa, “Alhaji, wallahi maigidana ne ya aiko ni.” To, maigidan ya zo da kansa da tasa takardar. Haka nan a yi hattara da mai gaggawa, da mai ƙara kuɗi a kan farashi domin a bar zancen zuwa ofishin 'yan sanda, da dillalin unguwa mai neman la'ada, domin sana'ar saye da sayar da bindiga ba ta halatta ga kowa sai dillalin da yake da rajista. Tallata ta a Facebook ko WhatsApp kuwa gayyato irin waɗannan mutane ne, ban da cewa ya sanar da ɓarayi abin da yake cikin gidan.

Akwai wata gaskiya da za ta iya tsayar da cinikin gaba ɗaya. Hukumar 'yan sanda ta daɗe tana taƙaita ba da sabon lasisi. A watan Yunin 2022, da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin yana nan, kuma a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Saboda haka mai sayarwa ya je hedikwatar rundunar 'yan sandan Filato da ke Jos, ya nemi sashen da yake kula da rajistar bindigogi, ya tambaya a rubuce ko ana amincewa da sauya mallaka a wannan lokaci. Kada ya tafi da bindigar a wannan zuwa na farko. Lasisi da wasiƙa sun isa. Idan aka ce ba a yi, to ba a yi, kuma takardar da wani zai yi alkawarin samowa ta bayan fage jabu ce da za ta jefa su biyun cikin laifi. Sai ya zaɓi ko dai ya ci gaba da ajiye ta da lasisinsa, ko ya kai ta ma'ajiyar makamai ta hukuma.

Idan kuwa an amince kuma takardar mai saye ta fito, ya fi dacewa a yi miƙawar a gaban jami'in da yake kula da rajistar, bindiga ba harsashi a ciki, a nannaɗe cikin jakarta. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunayen mutanen biyu da adireshinsu, da sunan kamfani da lambar bindiga, da lambar lasisin kowannensu, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin su bi ta banki daga asusun mai sayen kansa. Harsashin da ya rage ba gyara ba ne da za a ɗora masa a kan ciniki, domin shi ma sai da izini ake riƙe shi. Mai sayarwa ya miƙa tsohon lasisinsa, ya karɓi shaidar cewa an cire sunansa daga kan lambar, ya adana kwafin kome, domin idan aka tsinci bindigar a wurin wani laifi bayan shekaru, ƙofar wanda sunansa yake cikin rajista za a fara ƙwanƙwasawa.

Magada su ne suka fi faɗawa cikin wannan matsala ba da saninsu ba. Lasisi ba ya shiga rabon gado, yana ƙarewa ne da rasuwar mai shi, kuma dokar ta ba wanda kayan mamaci suke hannunsa kwana 14 kacal bayan rasuwar da zai iya riƙe bindigar. Wannan wa'adi yana cika tun kafin a yi sadakar arba'in, balle a zauna rabon gado. Don haka babban ɗa ko wanda dangi suka wakilta ya sanar da baturen 'yan sanda na yankinsu a cikin kwanakin zaman makoki, ya tafi da lasisin marigayin da takardar shaidar rasuwa, a karɓi bindigar a ajiye a ba shi rasit mai ɗauke da lambarta. Ƙimarta a kuɗi tana iya shiga lissafin gado daga baya, amma ita kanta ba za ta koma hannun wani magaji ba sai wanda ya samu lasisi da sunansa.