Kurakuran da Ke Kashe Fim ɗin 'Yar Tsana Mai Kisa, da Yadda Ake Gyara Su

'Yar tsana aba ce da aka yi don a rungume ta. Yarinya ta goya ta, ta yi mata kitso, ta kwana da ita. Duk mai labarin da ya ce wannan abar ce ke kashe mutane a gida ya ɗauko aiki mai wuya, domin dole ya sa babban mutum ya ji tsoron abin da bai wuce gwiwarsa ba. Masu shirya fim a Ingila da Amurka sun kusa shekara 80 suna gwadawa, tun daga Dead of Night na 1945 har zuwa M3GAN da ya shiga sinimomi a farkon 2023. Kaɗan suka dace, da yawa suka faɗi, kuma kusan a rami ɗaya suke faɗawa. Na yi wannan rubutu ne don matasanmu masu rubuta labaran ban tsoro da masu ɗaukar gajerun finafinai da waya, domin ina ganin suna kwaso salon haɗe da kurakuransa.

Uwar kurakuran ita ce gaggawar nuna ta tana motsi. Minti goma da fara fim, 'yar tsana ta miƙe, ta ɗauki wuƙa, tana gudu a tsakar ɗaki. Daga nan tsoro ya ƙare. Ɗan kallo ya auna girmanta, ya ga shuri ɗaya ya ishe ta. Tun a 1906 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus, Ernst Jentsch, ya rubuta cewa abin da ke tayar da tsikar jiki a irin waɗannan abubuwa shi ne kokwanto: mai rai ne ko marar rai? Wannan kokwanton shi ne jarin mai fim, kuma wanda ya kashe shi da wuri ba shi da abin ci gaba da kasuwa.

Dubi yadda Child's Play na 1988 ya riƙe nasa. Har kusan tsakiyar fim ba a nuna Chucky, 'yar tsanar fim ɗin mai siffar yaro namiji, ƙarara yana raye ba. Kyamara ce ke bin ƙasa tana gudu kamar idon ƙaramin abu. An ga sawun ƙananan ƙafafu a kan garin fulawa a kicin, sai zargi ya faɗa kan yaron gidan, Andy, ɗan shekara 6. Sannan uwarsa ta ɗauki kwalin da aka sayo 'yar tsanar a ciki, batura suka faɗo ƙasa. Ashe duk kwanakin nan yana magana babu batir a jikinsa. Ba jini a wannan fitowa, ba ihu, amma ita mutane suka fi tunawa bayan sama da shekara 30.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ka ɗauki ɗakin sau ɗaya tana fuskantar taga, in an dawo a same ta tana fuskantar ƙofa, kada kowa a cikin fim ya ce uffan. Ka bar ɗan kallo ya gano da kansa, ya fara shakkar idonsa. Ka tsayar da kyamara a kan fuskarta fiye da yadda aka saba, har mutum ya fara jiran ƙiftawar da ba za ta zo ba. A Annabelle na 2014, wanda aka yi da kimanin dala miliyan 6.5 ya kuma samo sama da miliyan 250, 'yar tsanar a zaune take kusan duk tsawon fim ɗin. Wanda ba shi da injin motsa fuska ko aikin kwamfuta bai rasa komai ba a nan, ya ma tsira daga jarabar nuna abin da ya kamata a ɓoye.

Sai dai wannan Annabelle ɗin ita ce misalin kuskure na gaba, wato munana ta tun daga farko. Fuska fari fat, idanu a zazzare, murmushi kamar na mugu. Wace uwa ce za ta ajiye wannan kusa da gadon jaririnta? Ainihin 'yar tsanar da Ed da Lorraine Warren, ma'auratan Amurka masu binciken al'amuran aljanu da fatalwa, suka adana a gidansu a jihar Connecticut, wadda aka gina labarin a kanta, ta ƙyalle ce mai laushi, da jan gashi na zare da fuska mai fara'a. A ganina ta fi ta fim ɗin ban tsoro, domin kowane yaro zai miƙa mata hannu. Masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya bayyana a 1970 cewa ƙyamar mutum na tashi ne idan abu ya kusa zama mutum amma ya rage kaɗan. Kaɗan ɗin nan ake nema. Ka zaɓi kyakkyawa, irin wadda za a saya a kasuwa ba tare da tunani ba, ka bar mata aibi guda ɗaya tak, kamar ido ɗaya da ba ya rufuwa in an kwantar da ita.

Akwai kuma tambayar da kowane ɗan kallo ke yi a zuci: me ya hana a jefa ta a wuta a huta? Marubuci da yawa na yin kamar bai ji ba, sai ya sa ƙaton namiji yana kokawa da abin da bai kai nauyin kaza ba, mutane su fashe da dariya inda ake so su firgita. Dole labari ya amsa tambayar da kansa. A wani kashi na shirin talabijin The Twilight Zone na 1963, mijin uwar yarinyar ya gwada matse 'yar tsanar, ya gwada wuta, ya gwada zarto, duk a banza. A ƙarshe bai mutu da sara ko suka ba. Tuntuɓe ya yi da ita a kan matakala cikin dare. Ƙaramin abu da dabara yake kisa: gas da aka bari a buɗe, maganin da aka musanya, ƙofar da aka kulle ta waje. Mafi muni kuma, laifin ya koma kan yaron da ke riƙe da ita.

Batun yaron ya kai ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato mayar da manya wawaye don labari ya yi tsawo. Yaro ya ce ta yi masa magana, uwa ta daka masa tsawa, ya sake faɗa, ta sake tsawa, haka har gawa uku. Rashin yardar uwa abu ne mai kyau a labari idan yana da dalili. A ba ta dalilin. Wataƙila mijinta ya rasu kwanan nan, tana ganin kewa ce ke sa yaron ƙirƙirar aboki. Wataƙila tsoron da ke cinta shi ne ɗanta ne ke aikata abin, gara mata ta ƙaryata shi da ta fuskanci hakan. Da zarar ɗan kallo ya ga shi ma da haka zai yi, ya shiga gidan tare da su.

Game da abin da ke cikin 'yar tsanar, hanyoyin da aka saba bi sanannu ne: kurwar mugu, ko aljani, ko na'urar da ta fi ƙarfin mai ita, ko kuma taɓin hankalin mai riƙe da ita kamar a Magic na 1978 da Anthony Hopkins ya fito. The Boy na 2016 ya bi wata hanya, inda aka gano mutum ne ke zaune a cikin bangon gidan yana motsa ta. Kowacce ka ɗauka, ka kafa mata doka ka tsaya a kai. Chucky yana da tasa: gwargwadon daɗewarsa a jikin roba, gwargwadon yadda jikin ke zama na mutum, har zuciyarsa ta zama wadda harsashi zai iya tsayarwa. Wannan ya sa shi ma yana cikin gaggawa, ya kuma ba mutanen gidan hanyar tsira. Abin da ban so a kwaikwaya daga Child's Play ba shi ne jingina sharrin ga addinin Vudu na mutanen Haiti, mai tushe a ƙasar Benin da maƙwabtanta, ba tare da an san shi ba. Kada ka ari abin bautar wasu ka mai da shi kayan tsoro don kawai baƙo ne a wajenka.

Ƙarar kiɗa kwatsam tana sa mutum ya zabura, amma ya manta kafin ya kai gida. Sau biyu ya isa a fim guda. Shiru, da ƙarar ƙananan ƙafafu a ɗakin da ke kusa, sun fi aiki.

Sai rufewa. An ƙone ta, an binne, kowa ya yi ajiyar zuciya, can kyamara ta matso, ido ya buɗe. An yi wannan har ya gaji, kuma yana gaya wa ɗan kallo cewa duk wahalar da aka sha ta banza ce. Idan dokarka ta ce wuta na kashe ta, to ta mutu. Ka kai kyamara wajen yaron bayan wata guda, a gidan kakarsa, an miƙo masa sabon abin wasa, ya ɓoye hannayensa a baya ya ƙi karɓa.